Kunun Kanwar Abban Ma'u

Kankia, ranar Litinin.

Zuwa ga Adda Ummusalma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da yara da mutanen Kusada.

Adda, ga halin da muke ciki. Ranar Asabar muka kai Abban Ma'u wankin ƙoda Katsina, numfashinsa sama-sama, ƙafafunsa a kumbure. Aka ɗibi jininsa. Likita ta ce akwai wani sinadari da zuciya ke saki cikin jini idan ta ji rauni, nasa kuma ya hau. Wai masu wankin ƙoda dama nasu kan ɗan yi sama, sai an maimaita gwajin za a san ko sabon rauni ne. Sun riƙe shi.

Ta tambaya ko yana wuce ruwan da aka ƙayyade masa. Ya ce a'a, yana kallona.

Adda, ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri. Sati uku ina dama masa kunun kanwa, kofi biyu kullum. Ya ce shi kaɗai yake jin daɗinsa a baki. A littattafan da nake karantawa, matar kirki ba ta hana mijinta mara lafiya abin da ransa ke so. Ni kuma na so in zama ita.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Kamila.

Kankia, ranar Juma'a.

Adda tawa,

Ina gaida ki, ya jikin Inna?

Na koma Talata na faɗa wa likitar gaskiya, a gabansa. Ba ta yi mini faɗa ba, kujera ta ba ni. Gwaji na biyu bai ƙaru ba, alhamdu lillahi, ba sabon rauni ba ne. Amma ta ce zuciyar tana wahala, ruwan da ƙodar ta kasa fitarwa ita yake dannewa, kanwar kuma tana ƙara tara shi. Za su riƙa duba jinin lokaci-lokaci.

Mun dawo gida Laraba. Yana zama ya roƙe ni rabin kofi, da muryar nan tasa. Na hana shi, na shiga madafa na yi kukana.

Kwana biyu ke nan ba ya yi mini magana. Amma yau da ƙafarsa ya taka har masallacin Juma'a, bai tsaya hutawa a hanya ba. Ya yi ta fushinsa, Adda, zan jure.

A gaida Inna da kyau.

Taki har kullum,
Kamila.