Tukunyar Tsohuwa a Bayan Gidan Gunki

Zuwa ga Yaya Lailatu, Talata Mafara

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigida da ɗalibanki. In an samu mai zuwa Faru, a gaishe mini da Baba da Inna.

Yaya, akwai abin da na ɓoye muku. Tun da na zo Biyetnam aikin injin casar shinkafa ban ci abincin kirki ba. Namansu ba yankan Musulmi ba ne, ganye ma da man alade ake soya shi. Na nuna wa mai abinci hoton saniya ina girgiza kai, ta yi dariya ta kawo mini alade. Na koma farar shinkafa da ayaba, har makon jiya na yanke jiki na faɗi gaban inji. Shugaban aiki ya sa tafinta ya gaya mini in na sake faɗuwa, gida zan koma.

Amma na samu mafita. Wata tsohuwa tana dafa abinci a bayan gidan bautarsu, su kuwa ba sa cin duk abin da ke da jini. Har awara take yi, irin ta ƙofar makarantarku, sai dai ba yaji. Ga hotona ina ci.

Ƙanenki,
Sufyanu

Zuwa ga Sufyanu

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara maka sauƙi.

Kai kuwa Sufyanu, ba ka duba bayanka kafin ka ɗauki hoto? Gunki ne zaune, ya fi ka tsawo! Ni ma ramarka na tsaya kallo ban lura da gunkin ba, na tura wa ƙanenmu Yasir da ya shigo nan gari, ya je ya nuna wa Inna. A zaure ya buɗe, gaban Baba da baƙinsa.

Na hau mashin na je Faru. Baba bai yi faɗa ba, ka san hakan ya fi muni. Cewa ya yi: "A tambaye shi, ana kai wa gunkin abincin kafin a ba su? In ana kai wa, ya tattaro ya dawo. Gara ya yi noma nan."

Na ce, "Baba, ba ya jin yarensu." Ya ce, "Ai yana da ido."

Kada ka yi masa ƙarya, ko da aikin zai tafi. Ka je ka duba.

Yayarka,
Lailatu

Zuwa ga Baba, Malam Abdulwahabu, Faru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Na sammaka na zauna a madafar tsohuwar. Ta ɗauka aiki nake nema, ta miƙo mini wuƙa da kabewa. Baba, na gani da idona: da tukunya ta nuna, ludayin farko a ƙaramin kwano take zubawa, ta kai gaban gunkin, sannan ta raba wa mutane.

Da ta miƙo nawa, na ture shi a hankali. Na nuna kwanon, na nuna gunkin, na nuna bakina, na girgiza kai. Ta daɗe tana kallona. Washegari na dawo don in yi mata sallama, sai ta zuba mini tun kafin ta taɓa ƙaramin kwanon.

Haka take yi har yau. Sai dai jiya wani dattijo mai kula da wurin ya gani. Ban gane abin da ya ce mata ba, amma ya ɗaga murya gaban jama'a, ita kuma ta sunkuyar da kai. Yau ma ni ta fara zuba wa.

Gaskiyar ke nan. In Baba ya ce in dawo, zan dawo.

Ɗanka,
Sufyanu

Zuwa ga Sufyanu

Salam. Na kai wasiƙarka da kaina, don waya ba ta shiga Faru, hanyar ma saboda rashin tsaro sai da rana tsaka ake bin ta. Baba ya sa na karanta masa, ya sa na maimaita wajen dattijon, sannan ya tashi ya shiga masallaci. Ka ci gaba da addu'a.

Lailatu

Zuwa ga ɗana Sufyanu

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ka sayi ƙaramar tukunya ka kai mata, a riƙa dafa naka daban. Kada a sake ci wa tsohuwa mutunci saboda cikinka. Ka yi bismilla, ka ci, ka riƙe aikinka.

Ka nemi tafinta ya gaya mata mahaifinka ya gode.

Allah ya yi maka albarka.
Abdulwahabu