Allurar da aka tura ta hancin Yaya Idi

Garin Suki, daren Laraba, daminar 1969

Mun dawo daga asibitin Sinnar. Ciwon kunci ya hana Yaya Idi ko sujada. Hakim, wato likita, ya ce mugunya ce ta taru cikin ƙashin fuska. Ni na riƙe kansa, aka tura doguwar allura ta hanci. Na ji ƙas. Aka ɗura ruwan gishiri, ƙazanta ta zubo cikin tasa.

Hakim ya ce, "In ido ya kumbura, ku dawo da shi nan take."

Ɗazu Yaya ya ce, "Je ka kwanta, na ji sauƙi." Na haska fuskarsa da fitila, idon hagu kamar ya ɗaga. Ruwa ya lalata hanya, lori ba ya fita. Allah ya sa fitilar ce.