Kwandon Karen Madam

Rakiya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya mutanen Kucheri? Lafiyata lau a Legas, karen Madam nake wa hidima. Shi katifa, ni tabarma, amma ba komai.

Kayan wasansa kwando guda ne. Duk Asabar sai in wanke na bakinsa in ɓoye, in fito da tsofaffi, wai kada ya gundura. Ya yi ta tsalle, a zatonsa sababbi ne. Kare fa, Rakiya. Ni wa ya taɓa lallashina haka?

Tsarabar ɗanmu Mannir ba za ta samu ba bana. Ki ɓoye motar gwangwaninsa, ranar Sallah ki goge ta, ki ce Baba ya aiko. Kada ya san inda na koyo dabarar.

Mijinki,
Dogo