Lallen Ƙafar Iya

Unguwar Hajj Yusuf, Khartum
12 ga Sha'aban, 1424

Zuwa ga yayana Mika'ilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sittana da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa zaman Jidda ya yi albarka. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai ƙafar Iya, wadda ta hana ni sukuni.

Gyambon nan na ciwon suga ya ci yatsu biyu, sun yi baƙi. Likitanta na Umdurman ya ce yanka ba makawa, saura a san inda za a yanka. Wani abokin aikinsa ya zo da na'ura daga waje, tana haska fata da ɗan jan haske, sai ta nuna a allo inda jini ke gudu da inda ya tsaya. In jini na kaiwa tafin ƙafa, yatsun kawai za a cire. Aka sa mana ranar Litinin.

To, ka san Iya. Ta ce ba za ta miƙa wa baƙo ƙafa fara fat kamar mai takaba ba, alhali Baba yana raye. Ni kuma ranar Lahadi na kwaɓa lalle, na yi mata baƙi wuluk har idon sawu, ina tsokanarta da amarya. Da muka je, hasken ya kasa ratsa lallen. Likita bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi, gara a ce zagina ya yi. Ya ce ranar Alhamis ta sama na'urar za ta koma, kuma da takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar nan ba su da wata. Gyambon ma ba zai jira lalle ya goge ba. In bai ga jinin ba, daga ƙasan gwiwa zai yanke.

Kwana uku ke nan ina dirzawa da lemon tsami, lallen ko gezau. Jiya Iya ta riƙe hannuna ta ce in bari haka. Wai in ƙafar za ta riga ta shiga ƙasa, gara ta tafi da kwalliyarta. Ta yi dariya, ni na zaga bayan ɗaki na yi kuka. Yaya, tsoro nake ji. In da hali ka zo, sunanka take ta kira.

Baba, Inna Kubra da Hadi suna gaishe ka. Ka gaida Sittana da Munira, ku sa mu a addu'a a Harami.

Ƙanwarka Barakatu,
wadda lallen nan bai fita daga hannunta ba tukuna.