Na Tara Magoya Baya, Ashe Ba A Ƙirga Kai

Anti Zulai, ki taimake ni, wayona ya kai ni ya baro.

Ina sayar da kayan haɗa intanet a kasuwar Utako, ina kuma ja wa ofisoshi waya. Shekara biyu ke nan da na shiga wani zaure na intanet, inda 'yan sa kai daga ƙasashe suke tsara yadda za a tace takardun ƙa'idojin intanet da yadda za a wallafa su. Ba kuɗin shiga, ba kati. Babban taronsu ma ba ya zama wuri ɗaya, bana wannan ƙasa, baɗi waccan.

Na kawo shawarar a riƙa fitar da kowace takarda yadda ƙaramar waya za ta buɗe ta ba tare da ta cinye data ba. Da na ji shiru, sai na yi irin ta zaɓen ƙungiyar kasuwa. Na yi wa mutum goma sha bakwai na layinmu na kasuwa rajista a zauren, har da mai shayi, kowa ya rubuta yana bayana.

Shugabar zauren ta amsa cikin ladabi cewa su ba sa ƙirga kai, hujja suke dubawa, kowa ya faɗi dalilinsa. Duk mutanen nawa suka ɓace. Sai Zacharias, abokin aikina ɗan Ushafa da ke cikinsu, ya ɗauki abin da gaske, ya karanta, ya rubuta cewa tsarina zai zubar da zane-zanen cikin takardun da masu gyaran intanet ke buƙata. A gaban duniya fa! Kuma wallahi yana da gaskiya.

Mako mai zuwa za a yanke ko a ci gaba da shawarata ko a ajiye ta. In fito in ce ni na tara su, ko in yi gum? Kuma wane irin taro ne wannan, ba zaɓe, ba oga, amma aiki na tafiya?

Mai Waya, Utako

Malam Mai Waya,

Ka ba ni dariya, amma ban ga mugunta a abin da ka yi ba. A kasuwa yawan hannu shi ne magana, domin kowa ya san fuskar kowa. A can kuwa ƙofa a buɗe take, in da ƙirga kai ake yi, mai hayar jama'a ne zai riƙa rubuta wa duniya ƙa'ida. Shi ya sa suke tambaya ko akwai ƙorafin da ba a amsa ba.

Shiru zai rufa maka asiri na 'yan kwanaki, sai dai shugabar ta riga ta gane, kuma za a riƙa kallon shawararka a matsayin dabara. Rubuta musu layi uku: ni na gayyato su, ban san al'adarku ba, ku duba shawarar da kanta.

Sannan ka zauna da Zacharias ku nemo yadda zanen zai tsira a ƙaramar waya. Ku aika gyaran kafin ranar, da sunansa kusa da naka. Ko an ajiye shawarar bana, za a saurare ka in ka dawo.

Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa.

Anti Zulai