Na hana a goge laftof ɗin da na saya wa ɗiyata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ina roƙon a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na sauya su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda zai ba ni ya daure ya karanta har ƙarshe, domin lokacin da ya rage mini kaɗan ne.

Ni magidanci ne a Ƙauran Namoda. Bana ɗiyata ta fari, mu kira ta Hauwa, ta samu gurbin karatu a sashen safiyo, wato awon filaye da zana taswira. Ranar da ta gama rajista ta zo mini da takarda daga sashensu, an rubuta irin laftof ɗin da ake so kowane ɗalibi ya mallaka, da manhajar da za su riƙa zane da ita. Ni ba na sayen abu da ka. Sati uku na yi ina tambayar waɗanda suka sani, har na fahimci abin da ya fi muhimmanci, ram, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ya kai gig sha shida, batir ya iya awa huɗu saboda halin wutarmu, allon kuma kada ya yi ƙanƙanta. Manhajar ce babbar matsala. Ta asali tana da tsada ƙwarai, shi ya sa yawancin ɗalibai ta bogi suke sawa, ita kuma takan tsaya cak ana tsakiyar aiki, ko ta shigo da bairos.

Sabuwar laftof ta fi ƙarfina, don haka na koma kan ta hannu. Na ga wata a Gusau, batirinta lafiya lau amma ba za ta ɗauki manhajar ba. Na ga wata a nan cikin gari, tana da ƙarfi amma murfinta ya tsage. Ta uku a Shinkafi na same ta, a shagon taubashina, mu kira shi Sale, mai gyaran wayoyi. Duk abin da ke cikin takardar tana da shi, kuma da ya kunna sai na ga manhajar nan a ciki, ta asali, mai lasisi. Sale ya ce in ba shi rabin awa ya yi mata fomatin, ya goge komai ta koma fes. Na ce kada ya taɓa, ai abin da ke ciki ne ya sa zan saya. Ya yi dariya ya ce, “Kai dai ɗan boko, ko kaza za ka saya sai ka nemi takardar haihuwarta.” Na ce masa shi kuma ko Alƙur'ani aka kawo gyara fomatin zai fara cewa. Muka yi ta raha, na biya, na taho.

Gaskiyar magana, na yi masa tambaya ta fi goma, amma ban tambaye shi inda ya samo ta ba. Ba ta da jaka, cajar ba tata ba ce, akwai jar ƙasa maƙale tsakanin madannan, kuma tana warin hayaƙin itace. Duk na lura da waɗannan. A kasuwanninmu yanzu akwai tambayar da mutane suka daina yi, ni ma ban yi ta ba.

Sati biyu komai na tafiya daidai, har ƙawayen Hauwa na aron ta. Sai aka ba su aikin zana wani fili, kowa ya buga nasa a takarda ya kai. Abin da ni da Hauwa ba mu sani ba shi ne, manhajar tana buga sunan mai lasisin da ƙananan baƙaƙe a kusurwar kowace takarda. Malaminsu ya riƙe tata ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta jira bayan an tashi. Ya tambaye ta ina ta samu laftof ɗin, ta ce babanta ya saya mata. Ya karɓi lambata. Da ya kira ni bai ɗaga murya ba. Ya ce sunan nan na tsohon ɗalibinsa ne, ɗan Zurmi, wanda ’yan bindiga suka tare a hanya watanni biyar da suka wuce yana dawowa daga awon wata gona. An yi waya da su sau biyu a farko, daga nan layin ya mutu, har yau babu labari.

Washegari da hantsi na rufe ɗaki na bi laftof ɗin fayil bayan fayil. Akwai ayyukansa na awo, akwai hotunan bikin sunan ɗansa. Sai na jera komai bisa ranar da aka adana shi, na ga fayil biyu da aka yi bayan ranar da malamin ya ce an ɗauke shi. Na duba agogon na'urar don kada in ruɗi kaina, daidai yake. Na farko taswira ce ta hanyoyin daji daga wajen Sakajiki zuwa Kasuwar Daji, an yi alama a kan rijiyoyi, da mashigar rafi, da wuraren da jami'ai ke kafa shinge. Aiki ne mai tsabta, na wanda ya iya. Na biyu an ɓoye shi cikin tarin tsofaffin zane, layi huɗu ne kawai. Ya rubuta cewa duk Musulmin da ya buɗe wannan ya gaya wa mahaifiyarsa yana raye, tilasta shi aka yi ya zana abin da ya zana, ta yafe masa, kuma a kula da yaron. Ya sa sunanta da unguwarsu. An adana shi wata biyu da kwana tara bayan ɗauke shi.

Sai a lokacin na tuna cewa ranar da na saye ta, a jakata na ratso shingaye da ita daga Shinkafi, kuma kullum Hauwa na goye da ita a baya zuwa makaranta. Ku da ke yankin nan kun san abin da ke faruwa da wanda aka samu da irin wannan taswira. Kafin a gama sauraron bayaninsa an riga an kira shi infoma, mai kai wa ’yan bindiga rahoto.

Na je Shinkafi na sami Sale, muka yi cacar bakin da ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Na ce ya sayar mini da kayan jini, ya ce ni na hana shi gogewa, da na bar shi ya yi aikinsa da yanzu kowa na zaune lafiya. Ya ce wani mai babur ne ke kawo masa wayoyi jefi-jefi, shi ya kawo ta, kuma irin mutanen nan idan ka ƙi saye suna riƙe fuskarka. Ya roƙe ni da zumunci in kawo ya goge, maganar ta mutu. Na ce zan yi tunani.

Shekaranjiya ya kira ni, babu wasan da ya saba farawa da shi. Ya ce mai babur ɗin ya dawo, ya ce masu ita suna son abarsu, kuskure aka yi aka haɗa ta da kayan sayarwa, kuma suna son ta yadda take. Ya tambayi wa ya saya. Sale ya ce masa wani baƙo ne daga Gusau, zai nemo lambarsa. Mutumin ya ce ba komai, zai leƙo ranar kasuwa. Na san taubashina, bai iya riƙe ƙarya ba, idan aka tsare shi da ido sau biyu zai faɗi. Kuma rabin masu shagunan layinsu sun gan ni a shagon ranar, muna ta dariya.

Uwargidana ta ce in fasa ta da taɓarya in zuba a masai. Na ce idan suka zo nema fa, me zan miƙa musu? Malamin kuma ya sake kira, ya ce bai gaya wa kowa ba, amma tsohuwar, mahaifiyar ɗalibin nasa, tana aiko masa ƙaninta kusan kowane sati ko ya ji wani abu, kuma ba zai iya ci gaba da cewa bai ji ba. Ban gaya masa maganar fayil ɗin biyu ba. Hauwa ma ban gaya mata ba, ce mata na yi laftof ɗin na da matsala. Ta dube ni ta ce, “Baba, sunan nan ne ko?” Tun ranar ta koma zane da fensir da rula, ba ta sake tambaya ba.

Ga inda na tsaya. Idan na mayar yadda take, na miƙa musu taswirar hanyoyin da ’yan'uwana ke bi zuwa gona, kuma ranar da suka ci karo da wasiƙar, idan yana raye, ni na kashe shi. Idan na goge wasiƙar kaɗai na mayar, ban sani ba ko akwai mai iya ganewa a cikinsu. Idan na kai wa jami'ai, Sale za a fara kamawa, kuma ban san ta bakin wa labarin zai koma daji ba, ga ɗiyata na tafiya makaranta a ƙasa kowace safiya. Idan na je Zurmi wajen tsohuwar, zan kai mata labarin da ya kwana wata uku, kuma uwar da aka ce wa ɗanta na raye ba za ta iya yin shiru ba, ba ni da ikon ce mata ta yi.

Na kwafe layin nan huɗu da hannuna a takarda, tana aljihuna. Laftof ɗin na cikin buhun gero. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, yau Talata. Don Allah wanda ya san hanyar da saƙon mutumin nan zai isa ga uwarsa ba tare da an biyo ɗiyata ba, ya faɗa mini. Idan kuma babu, ku gaya mini gaskiya, wanne zan saki, amanar saƙon nan ko tsaron ɗiyata?