Jakar Sojoji da Takardun Babur ɗin Maƙwabcina

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma rufa mini asiri kada ki buga sunana. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga kafin in iya rubuto miki, domin abin da ya hana ni sakat abu ne da in aka faɗa dariya za a fara yi. Jaka ce, Gwaggo. Jakar ratayawa a kafaɗa, wadda na je da ƙafata na zaɓa, ba wanda ya sa ni.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. Ba ni da shago, teloli ne ke kirana a waya in je in same su: wannan kekensa na tsinka zare, wancan na tsallake ɗinki, wani ya cije gaba ɗaya. Sana'a ce mai rufin asiri, da ita na yi aure, da ita nake ciyar da 'ya'yana. Shekara da shekaru a cikin tsohuwar jakar makarantar babbar 'yata nake zuba kayan aiki, mai ruwan hoda, da hoton 'yar tsana a jiki har ya koɗe. Uwar yara ta yi mita ta gaji. Cewa take in na juya baya sai ka ce uban da ya raka yarinya makaranta ya manta ya dawo da jakarta. Da muka tashi daga tsohuwar unguwarmu muka kama haya a wata, sai ta kafe a kan ba zan fita da wannan abin a gaban sababbin maƙwabta ba.

Na je kasuwa wurin mai jakunkuna, ya sauko mini da guda uku. Ta farko ta fata ce irin ta ma'aikatan ofis, tun daga nesa na san man keke zai lalata ta. Ta biyu baƙa ce, ba ado, bakinta da faɗi, gindinta a shimfiɗe, robar maina ta tsaya a ciki ƙyam. Na juya cikinta na duba ɗinkin, tunda abin da na sani ke nan, na ga aiki ne mai kyau. Wallahi a nan take na san ita ce tawa. Sai ya miƙo ta ukun. Launin kayan sojoji, yadi mai kauri kamar tamfol, aljihu a kan aljihu, layukan igiya an ɗinke su a gaba, maɗauri mai faɗi da ƙarfen ɗaurewa, har da wani tambari mai kan mikiya da ake mannawa a murfin. Ya rataya mini ita ta ƙetare ƙirji, ya juya ni wajen madubi, ya shiga zuba mini daɗin baki. Ban ma saurare shi ba. Mutumin da na gani a madubin nan ne ya tafi da hankalina, wani tsayayye wanda ba za a ce masa “kai, zo nan” ba. Bakinta ƙarami ne, robar man sai a kwance take shiga, na gani kuma na kau da kai. Ita na biya.

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma aikina duk a can wani ɓangaren gari yake. In fita da sassafe, in dawo da yamma, jaka a ƙirji. Ban san ranar da abin ya soma ba. Na dai lura samarin da ke zama a kan kwana suna busa sigari sun fara ɓoye hannu in na doso. Mai shago ya koma sallamata kafin waɗanda na tarar. Daga “Malam” sai na ji an koma “Yallaɓai”. Ashe an gama yanke hukunci cewa ni jami'in tsaro ne na farin kaya. Kin kuma san halinmu, irin waɗannan mutane ba a tambayarsu inda suke aiki, sai dai a gaishe su a wuce. To ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ce uffan ba. Da haka nake lallashin kaina, wai ai ban yi ƙarya da bakina ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Mutumin da ya saba durƙusawa ƙarƙashin teburin tela, ana zubo masa ƙyallaye a ka, yau shi ake tashi a ba wa benci. Har tafiyata ta canza, na koyi ɗaure fuska. Uwar yara da ta ji labarin a wurin mata dariya ta yi har da riƙe ciki, tana ce mini ranka ya daɗe in ta kawo ruwa. Daga baya ta ce in yi wa Allah in gyara maganar tun ba ta yi nisa ba. Na ce mata wa na cuta?

To ga wanda na cuta. Maƙwabcinmu na jikin katanga babur yake haya da shi, dattijon kirki, ya girme ni, yaransa sun fi nawa yawa. Makonnin baya ya ajiye babur ɗin a ƙofar wani kanti da rana tsaka, ya shiga ya fito babu shi. Da yamma sai ga shi a ƙofar gidana, idanunsa jawur. Gwaggo, mutumin nan durƙusa mini ya yi. Ya ciro takardun babur ɗin daga cikin leda ya miƙo da hannu biyu, ya ce 'yan'uwansa sun ce ya je ya kai rahoto, shi kuwa ya ce musu me zai kai shi bin layi alhali Allah ya ajiye masa Yallaɓai a jikin katanga. A lokacin ya kamata in ɗaga shi in gaya masa ko ni wane ne. Amma ga mutane a bakin shago suna kallo. Na karɓi takardun na zuge zif na saka, na ji kaina ina cewa, “Bari, zan duba.”

Tun ranar ban sake cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Kullum da safe yana zaune a dakalinsa, ba ya tambayata komai, sai dai ya miƙe ya gaishe ni ya bi jakar da kallo. Na yi ɗan abin da zan iya, ban ce ban yi ba. Tsakanin aiki da aiki na zaga wuraren masu gyaran babura da masu sayar da tsofaffin kayan gyara, ina leƙe kamar ɓarawo, ban ma san me nake nema ba. Sau biyu ina zuwa har ƙofar ofishin 'yan sanda in juyo, saboda na san tambayar farko ita ce ni wane ne, kuma me takardun wani ke yi a hannuna. Ga shi robar man nan da ke kwance ta tsiyaya, ta ɓata gefen takarda ɗaya. Da na gani zama na yi a bakin titi.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne kwanon abincin da matarsa ta aiko mana shekaranjiya, wai a ba Yallaɓai yana ta wahala a kansu. Gidan da na san ba kullum suke ɗora tukunya ba tun da abin ya faru. Uwar yara ta ajiye kwanon a gabana ta shige ɗaki, kuma yanzu ta daina kirana da sunan tsokanar nan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na yi tunanin in koma in sayo baƙar jakar nan in jefar da wannan, ko a hankali mutane su gane da kansu. Na yi tunanin in ba uwar yara takardun ta mayar, a ce an yi iya ƙoƙari ba a dace ba. Har tashi daga unguwar na yi tunani. Ina tsoron in na faɗi gaskiya a ce na yi sojan gona a kama ni, ina kuma tsoron idon 'ya'yana ranar da yaran unguwa za su fara yi musu dariya. Ki gaya mini yadda zan yi, da irin jakar da ta dace da mutum irina, don wallahi wannan ta zame mini kaya.

Naki,
Mai Jaka



Ɗana Mai Jaka,

Na karanta wasiƙarka, na yi murmushi a farkonta, na daina a tsakiya. Bari in fara da inda kake da uzuri. Ba ka sa kaki ba, ba ka nuna wa kowa katin shaida ba, ba ka karɓi ko sisin wani ba. Son a ga mutum da ƙima ba a kanka aka fara ba, kuma mutanen unguwarku su ma da nasu, tunda jaka kawai suka gani suka naɗa maka muƙami. Maƙwabcinka ma ya yi kuskure da ya zaɓi hanyar sanayya ya bar inda ya kamata ya je. Kunyar da ke cin ka kuma shaida ce cewa zuciyarka da ranta.

Amma maganar “ban yi ƙarya da bakina ba” ka ajiye ta. Ta yi maka aiki har zuwa ranar da ka miƙa hannu ka karɓi takardun nan. Daga ranar shirunka ya daina zama wasa, ya koma cin lokacin wani. Abin sata kullum ƙara nisa yake yi, shi kuma bawan Allah yana zaune a dakali yana zaton ana nema.

Dabarunka guda uku duk ban yarda da su ba. Sabuwar jaka ba za ta yi magana a madadinka ba. Tura matarka ka ce an yi ƙoƙari ƙarya ce sabuwa fil, wadda ta fi ta farko muni, kuma bai kamata ka ɗora mata ba bayan ita ta fara yi maka gargaɗi. Tashi daga unguwa kuwa gudu ne da haƙƙin mutum.

Yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe, ka yi masa sallama ka nemi ganinsa shi kaɗai. Kada ka yi dogon sharhi, kada ka kawo zancen mai jakunkuna ko madubi. Ka ce masa kai mai gyaran keken ɗinki ne, ba ka taɓa aikin tsaro ba, kunya ce ta hana ka faɗa, ka ɓata masa lokaci, ya yafe maka. Ka damƙa masa takardunsa, ka nuna masa inda mai ya taɓa. Sannan ka raka shi ya kai rahoto da kansa a matsayinka na maƙwabci, ka kashe aikin ranar a kansa. Idan tsoron hukuma ya dame ka, ka fara ganin lauya ko wani dattijo da ya san doka. Ni ba lauya ba ce, amma na san wanda ya gyara da kansa ba ɗaya yake da wanda aka tono ba.

Zai iya fushi, zai iya daina amsa gaisuwarka. Haƙƙinsa ne, kada ka tsaya kare kai. Kada kuma ka sake yi masa alkawarin da ba naka ba. Abin da kake da shi na gaske ka ba shi: kana shiga shagunan teloli ko'ina a gari, su kuma ba wanda ba ya zama a bencinsu. Ka ba su lambar babur ɗin da kamanninsa. Kwanon da aka aiko muku kuma kada ya koma haka nan, ku riƙa aika musu da abinci yau da gobe da jibi, gwargwadon ƙarfinka, ba tare da ka yi shela ba.

Batun jaka shi ne mai sauƙi, kuma ka riga ka san amsarsa tun a kasuwa. Mutum ya fara duba abin da zai zuba, sannan ya nemi jakar da za ta ɗauke shi. Bakin ya buɗe sosai, gindin ya zauna, maɗaurin kada ya ci kafaɗa, zif da ɗinki su yi ƙwari. Yawan aljihu ba shi ne ba, in rabinsu iska za su riƙe. Irin ta sojojin nan ba haramun ba ce, tana da ƙarko, masu sana'a da yawa suna jin daɗinta. Amma launinta da tambarinta suna gabatar da mutum kafin ya buɗe baki, sai wanda zai iya gyara zancen in an fahimce shi ba daidai ba. Ka ɓamɓare mikiyar nan tun yau. In hali ya samu ka sayi wadda man ba zai zube a ciki ba, amma bayan ka ga maƙwabcinka, ba kafin nan ba.

Za a yi maka dariya, ba zan ruɗe ka ba. Samarin kan kwana za su dawo da sigarinsu fili, wataƙila har su laƙaba maka wani sunan. 'Ya'yanka za su ji ba daɗi na ɗan lokaci, sai ka zaunar da su ka gaya musu da bakinka kafin su ji a waje. Matarka ma tana bin ka bashin ban haƙuri. Duk wannan mai wucewa ne, kuma za ka iya ɗauka. Kai kunya kake ji, shi kuwa maƙwabcinka yaransa yake kallo ba shi da abin da zai ce musu. Ka tashi ka je.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya bayyana masa abin hawansa, ya bar ku da zumuncin maƙwabtaka.

Taka,
Gwaggo